Ambaliyar da Aka Saki da Sunan Nijar

Ranar Laraba 26 ga Yuli 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare shugaba Mohamed Bazoum. Kwana biyu bayan haka Janar Abdourahamane Tiani ya fito a talabijin ya ce ragamar ƙasa tana hannunsa. Ranar Lahadi 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka hallara a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka kuma ba sojoji wa'adin mako guda: su mai da mulki, ko a zo a ƙwace da ƙarfin bindiga.

Mutumin Matameye bai buƙaci mai fassara masa takunkumi ba. Titin da ya taso daga Damagaram, ya bi ta Takeita, ya ratsa garinmu ya gangara Ɗan Barto, ya tsallaka Kongwalam ya nufi Daura da Kano, shi ne jijiyar cinikinmu. Ta nan wake da dabbobi da raken fadamun Kance ke sauka kudu, ta nan masara da kayan masarufi ke hawowa arewa. Aka wayi gari an datse shi, kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Ba a gama jin wannan ba, sai Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga zaman jiran wuta. Mai walda ya naɗe hannu, ƙanƙara ta narke a firijin mai sayar da ita, jama'a suka yi dafifi wajen mai cajin waya da ke da sola.

A cikin wannan ƙunci, kwanakin farko na Agusta, wata murya ta taso daga inda ba a zata ba. Wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ta sanar a Telegram cewa ta ɗaura yaƙi da Najeriya saboda Nijar. Hujjarta ita ce Najeriya ta yanke wa maƙwabciyarta wuta, kuma tana shirin shiga mamayar da ƙungiyar ta ce Faransa ce ta kitsa. Ta yi iƙirarin kai hari kan MTN, kamfanin waya mafi girma a Najeriya, mai masu layi fiye da miliyan 70. Hukumar NITDA, mai kula da fasahar sadarwa a can, ta fitar da gargaɗi ga bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati su yi shirin ko-ta-kwana.

Wanda ke zaune cikin duhu yana fifita da mafici, idan ya ji cewa wani ya rama masa, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta yi sanyi. Amma labarin wannan ƙungiya yana da gaba, yana da baya, kuma ya kamata duk ɗan Nijar ya ji shi har ƙarshe kafin ya yi tafi.

Makamin da ƙungiyar ta yi amfani da shi masana na kiran sa DDoS, wato harin ambaliya. Kowane shafi na intanet, da kowace manhaja ta aika kuɗi, suna zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Duk sanda ka latsa wayarka, saƙo kake aika mata, ita kuma ta amsa. Tana da iyakar adadin saƙon da za ta iya amsawa a lokaci guda. A ce kana da kantin magani a bakin kasuwar Matameye, ƙofa ɗaya, yaro ɗaya mai miƙa kaya. Sai wani maƙiyinka ya ɗauko hayar mutum dubu, ya ce su cika ƙofar, kowa ya tambayi kuɗin magani, kada ya saya, kada ya tafi, in an ba shi amsa ya sake tambaya. Ba su fasa kwaɗo ba, ba su ɗauki ko ƙwayar farasitamol ba. Amma uwar da ta goyo ɗanta mai zazzaɓi tun daga ƙauye tana can baya, ba ta ko hango kanta. Haka harin yake. Ana turo wa sabar saƙonnin banza miliyoyi daga kwamfutoci masu yawa da ke warwatse a duniya, har ta kasa bambance mai buƙata da ɗan haya, ta durƙushe. Abin da kai za ka gani a wayarka kawai shi ne ƙaramin zobe yana juyawa, yana juyawa, sannan a ce ka sake gwadawa.

Ƙungiyar ta bayyana ne a watan Janairu 2023, daidai lokacin da wani ɗan siyasa mai ƙin Musulunci, Rasmus Paludan, ya ƙona Alƙur'ani mai girma a gaban ofishin jakadancin Turkiyya da ke Stockholm. Duniyar Musulmi ta fusata, kuma da gaskiyarta. Anonymous Sudan ta ce ita za ta rama. Ta afka wa shafukan Suwidin, ciki har da na kamfanin jiragen sama na SAS a watan Fabrairu, ta juya kan Denmak ta durƙusar da shafukan wasu asibitoci. Ƙarfin hare-haren ya sa masu bincike da dama, irin kamfanin Truesec na Suwidin, suka ce sunan Sudan rufa-ido ne, Rasha ce a ɓoye, tun da ƙungiyar na rubutu da Rashanci a farkonta kuma tana ƙawance da ƙungiyar Killnet mai goyon bayan Mosko. A ganinsu, babu yadda za a yi irin wannan aiki ya fito daga ƙasar da talauci ya yi wa katutu, wadda daga 15 ga Afrilu na shekarar ta faɗa yaƙi tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Hemeti.

A watan Yuni suka taɓa babbar giwa. Outlook da OneDrive da wasu ayyukan Microsoft suka riƙa ɗaukewa, har kamfanin ya fito ya amsa cewa harin ambaliya ne. Sannan suka waiwayo gida Afirka. A makon da aka yi juyin mulki a Yamai, mutanen Kenya suka tashi suka tarar eCitizen ba ya buɗewa. Wannan shafi shi ne ƙofar ayyukan gwamnati fiye da 5,000: fasfo, biza, lasisin tuƙi, takardar haihuwa, rajistar kasuwanci. Matsalar ta shafi M-Pesa, hanyar da talakan Kenya ke biyan kuɗin mota da cefane da ita, ta shafi sayen katin wuta da tikitin jirgin ƙasa. Sai da gwamnati ta ba da izinin a riƙa ba baƙi biza a filin jirgi. Ministan sadarwa na lokacin, Eliud Owalo, ya tabbatar da harin, ya ce ba a saci bayanan kowa ba. Laifin Kenya, in ji ƙungiyar, shi ne shugaba William Ruto na tsoma baki a rikicin Sudan. Amma Ruto ba ya bin layin fasfo, ba ya sayen katin wuta da dare. Wanda ya sha wuya shi ne ɗan acaɓa da mai tallan kayan miya a Nairobi.

Daga Kenya suka juyo Najeriya, kuma a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Mu tambayi kanmu: idan layin MTN ya tsaya, wa zai ji a jikinsa? Mai mulki a Abuja yana da layuka barkatai da ma'aikatan da za su nemo masa mafita. Wanda zai tsaya cirko-cirko shi ne mai POS a Daura, da mai sayar da hatsi a Dawanau da ke jiran alat, da ɗanmu na ƙasar Kance da ya tafi cirani Kano ko Legas, yana tura ruwa a kura ko yana gadi, wanda da wannan layi yake jin muryar mahaifiyarsa. Fatake nawa ne a garin nan suke yawo da layi biyu a aljihu, na Nijar da na Najeriya? Iyakar da Turawa suka shata ba ta raba jini ba. Daura da Kance, Katsina da Maraɗi, Kano da Damagaram, auratayya da ciniki da karatun allo sun ɗinke su tun kafin a san fasfo. Takunkumi ya hukunta talakan Nijar kan abin da ba shi ya aikata ba. Ambaliyar kuma ta nufi talakan Najeriya kan abin da ba shi ya yanke ba. Bulala biyu ce a bayan gida ɗaya.

Ƙungiyar ba ta daɗe a kanmu ba, ta wuce gaba. A ƙarshen Agusta ta tsai da dandalin X na fiye da awa biyu a ƙasashe da dama, tana neman Elon Musk ya kai intanet ɗinsa na Starlink Sudan. A Nuwamba ta yi iƙirarin durƙusar da ChatGPT. A farkon 2024 ta afka wa kamfanonin sadarwa a Chadi da Yuganda, tana zargin gwamnatocinsu da mara wa Hemeti baya. A Maris ta ɗauki alhakin hari kan ma'aikatun gwamnatin Faransa. Kowane hari da tutarsa: yau addini, gobe Falasɗinu, jibi kishin Afirka.

A bayan tutocin kuwa akwai kanti. A wannan Telegram ɗin da suke wa'azin kare waɗanda aka zalunta, a nan suke tallata makamin ga duk mai kuɗi, da sunaye masu ban tsoro irin su Skynet da Godzilla da InfraShutdown. Masu binciken kamfanin Amazon sun bayyana farashin: dala 100 a yini, dala 600 a mako, dala 1,700 a wata. Ba a tambayar mai saye addininsa ko dalilinsa. Duk babban harin da ya shiga labaran duniya talla ce ga kantin, shaida ce cewa kayan na aiki. Ke nan da sunan Nijar ya hau shafinsu, wahalarmu ta shiga cikin abin da ake jawo masu saye da shi.

Afirka ta Yamma ta taɓa ganin irin wannan ciniki. A Laberiya, wani babban ma'aikacin kamfanin waya na Cellcom ya ɗauki hayar wani Bature ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya gurgunta abokin gasarsu Lonestar MTN. Kaye ya yi amfani da wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda ke mamaye kyamarorin tsaro da na'urorin intanet na gidajen mutane waɗanda ba a sauya musu kalmar sirri ba, ta mai da su rundunar turo saƙon banza ba da sanin masu su ba. A Nuwamba 2016 ambaliyar ta yi ƙarfin da ta girgiza intanet ɗin ƙasar baki ɗaya. An kama shi a filin jirgin sama na Luton a Fabrairu 2017, kuma a Janairu 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32. Shi bai ɗaga tutar kowa ba, aikin kuɗi ya yi. Anonymous Sudan ta haɗa biyun, kuma hakan ya fi haɗari, domin mai tuta yana samun masu yi masa addu'a.

Harin da ya fi jawo wa ƙungiyar tuhuma mai nauyi ya faru ne a Fabrairu 2024, a birnin Los Angeles na Amurka. Ta saki ambaliya kan asibitin Cedars-Sinai, ta ce ramuwa ce kan asibitocin Gaza da ake yi wa ruwan bama-bamai. Na'urorin asibitin suka rikice har aka rufe sashen gaggawa na kimanin awa 8, ana karkatar da marasa lafiya zuwa wasu asibitoci. Ka tsaya ka dubi abin da wannan ke nufi. Motar ɗaukar marasa lafiya ta taso da jiniya, a cikinta dattijo ne da zuciyarsa ta buga, ko mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, sai a ce wa direba ya juya ya nemi wani wuri. Duk wanda ya taɓa rakiyar mara lafiya daga Matameye zuwa babban asibitin Damagaram ya san nauyin minti guda a kan hanya. Abin da aka yi wa asibitocin Gaza zalunci ne da ba ya wankuwa, kuma zafinsa yana zukatanmu. Sai dai wanda ke kwance a wannan mota bai jefa bam ba. Addinin da aka yi iƙirarin karewa shi ne wanda Halifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa rundunarsa wasiyya a cikinsa kada su taɓa mace da yaro da tsoho, kada su sare itace mai ƴaƴa. Wannan a fagen yaƙi na gaske ke nan, ina ga majinyaci a gadon asibiti?

Jami'an FBI na ofishin Anchorage da ke jihar Alaska sun daɗe suna bin sawu, tare da taimakon kamfanoni irin su Amazon da Cloudflare da Akamai da Microsoft. Sun gano cewa ƙungiyar ba ta dogara da na'urorin mutane da aka mamaye ba, kamar yadda Kaye ya yi. Hayar manyan sabobi take yi daga kamfanonin da ke bayar da su, sannan ta bi da saƙonnin ta wasu tashoshin da ke ɓoye asalin mai aikowa. A Maris 2024, da izinin kotu, aka ƙwace sabobin da ke ba da umarni da asusun da ke ɗauke da manhajar. Shafin da ya shekara yana cika baki ya yi tsit.

Sai ranar 16 ga Oktoba 2024 aka yaye labule. Babban mai gabatar da ƙara na tarayya a Los Angeles a lokacin, Martin Estrada, ya bayyana takardar tuhuma. Babu sunan janar na Rasha a ciki, babu wata runduna. Sunaye biyu ne, wa da ƙane, ƴan Sudan: Ahmed Salah Yousif Omer mai shekara 22, da Alaa Salah Yusuuf Omer mai shekara 27, waɗanda aka ce suna tsare tun Maris. Takardar ta ce cikin kimanin shekara guda an kai hari fiye da 35,000 da makaminsu, har da kan ma'aikatar shari'a da ta tsaro da ta harkokin wajen Amurka da ita kanta FBI, kuma asarar da aka yi a Amurka kaɗai ta haura dala miliyan 10. Tuhumar da ake yi wa Alaa hukuncinta na iya kai shekara 5. Ta Ahmed kuwa na iya kai ɗaurin rai da rai, saboda zargin ya yi gangancin jefa rayuka cikin haɗari. Tuhuma ce, kuma shari'a ce ke da hurumin tabbatar da ita.

Wannan ɓangare ne ya fi taɓa ni. Samari biyu, sa'o'in ƙannenmu da ke zama a fada suna shan shayi, daga ƙasar da kakanninmu suka ratsa a ƙafa kan hanyar Makka, inda har yau akwai Hausawa masu ɗimbin yawa. Idan abin da ake zargin su da shi gaskiya ne, to Allah ya ba su basirar da manyan masana na Turai suka kasa yarda cewa ta ɗan Afirka ce. Da wannan kai za a iya gina hanyar aika kuɗi ga ƴan gudun hijirar Darfur, ko tsare asibitocin Khartum daga irin wannan hari. Sai aka kashe shi wajen toshe ƙofofin mutane. Ba ƙaramar asara ba ce ga Sudan, kuma ba ƙaramar asara ba ce gare mu.

Mu kuma a nan, su wa suka tsaya mana da gaske a waccan damina? Mutane ne masu suna da fuska. Ranar 5 ga Agusta majalisar dattawan Najeriya ta shawarci Tinubu ya bi hanyar sulhu, bayan sanatocin arewa sun fito ƙarara sun ƙi yaƙi. Ranar 9 ga wata Muhammadu Sanusi na Biyu ya isa Yamai tare da Sarkin Damagaram, suka zauna da Janar Tiani a lokacin da manyan jakadu suka kasa ganin sa. Kwanaki kaɗan bayan haka tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi sahu. Talakawa a Kano suka fita titi suna cewa ba su yarda a yaƙi ƴan'uwansu ba. Yaƙin bai auku ba. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumi, ranar 13 ga Maris Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da mai do da wuta, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga wata. A cikin wannan wata na Maris ɗin ne aka kashe makamin Anonymous Sudan. Ko mota ɗaya ambaliyarsu ba ta tsallakar da ita Ɗan Barto ba, ko fitila ɗaya ba ta kunna a Matameye ba.

Rayuwarmu kullum ƙara hawa waya take yi. Kuɗin da ɗan cirani ke aikowa ta Nita ko Amana, sakamakon jarrabawa, farashin wake a kasuwa, kiran ungozoma da tsakar dare, duk sun rataya a kan sabobin da ba mu taɓa gani ba. Ranar da wani ya ji haushin gwamnatinmu ya sako mana irin wannan ambaliya, mu ne za mu tsaya muna kallon zoben nan yana juyawa. Don haka wajibi ne hukumomi da kamfanonin waya da na aika kuɗi su tanadi kariya tun kafin ranar ta zo, kuma su bar wata hanya ta hannu da za a koma mata idan na'ura ta tsaya, musamman a asibiti. Mai kyamarar tsaro a kanti ko na'urar wifi a gida ya sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, kada a mai da kayansa sojan haya yana barci. Samarinmu masu hazaƙar kwamfuta kuma su sani cewa Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, Najeriya tun 2015, kuma wanda ya biya a kai hari abokin laifin wanda ya kai ne.

Zalunci yana da zafi, kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin ya yi kuka, ya yi ƙara, ya nemi mataimaki. Amma ba duk mai ɗaga murya da sunanka ne masoyinka ba. Duk wanda ya zo ya ce zai rama mana, mu tambaye shi a kan wa bulalar za ta sauka. In amsar ita ce majinyaci, ko ɗan cirani, ko mai tallan da ke jiran kuɗin cefane, to mu gaya masa a fili cewa ba da yawunmu ba, kuma ya cire sunan ƙasarmu daga bakinsa.